Ƙasar da Ke Kan Tayoyin Alhaji Halilu

Na Allah muke, kuma wurinsa za a tattara mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, goma ga watan Yuni na shekarar 2025, naman layya bai ma ƙare a gidaje ba, Allah Ya karɓi ran Alhaji Halilu Mai Katkat a gidansa da ke Zongo, nan Kwatano, bayan 'yar gajeriyar jinya. An yi masa sutura a ranar bayan la'asar. Ya bar matarsa Hajiya Dija, da 'ya'ya da jikoki, da ɗaki guda cike da ƙananan motocin ƙarfe waɗanda babu wanda bai san da zamansu ba a unguwar nan.

Ni ce Lubabatu, taubashiyarka, 'yar ƙanwar mahaifinka. Tun muna yara nake tsokanarka, Halilu, kuma ban taɓa kawo wa raina ranar da zan yi maka magana ka ƙi ramawa ba. To ga ta ta zo. Yau sai ka yi haƙuri ka saurara, tunda bakin naka ya huta.

Ga wanda ba ɗan nan ba, katkat ita ce motar da tayoyinta huɗu duka ke ja, mai ratsa taɓo da rairayi. Ita ka yi ƙuruciyarka kana turawa, wato tuƙa ta ka kai wa mai saye, daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa, Dosso, Tawa, Agadas, har Cadi, lokacin da motocin hannu ke sauka daga Turai ba dare ba rana. Da ciwon baya ya sauke ka daga sitiyari, sai ka koma mai haɗa direbobi da masu motoci. A cikin wata mota da aka sauke daga jirgi ka tsinci 'yar motar wasa ta farko, ƙarƙashin kujerar baya, wani yaro a can ƙasarsu ya manta da ita. Wani da ya jefar ko ya kai wa ɗansa. Kai kuwa ka sa ta a aljihu, ka zo gida ka hana Hajiya Dija sakat da labarinta.

Daga nan fa aka shiga uku. Masu wanke motoci a filin ajiya duk sun san in sun tsinci irinta, ta Alhaji ce. 'Yan gwanjon kasuwar Missèbo in sun kwance dila suka ga mota, kai suke nema. Ka taɓa hawa zemijan, babur ɗin haya, har Godomey cikin ruwan sama saboda an ce maka wata mata na da Landirofa mai buɗe ƙofa a cikin kayan wasan da take sayarwa. Kuma ba kowace kake karɓa ba. Sai ka ɗora ta a tafin hannu, ka danna ka ga ko tana lotsawa ta dawo, ka buɗe bonet, ka duba ko safaya tana inda maƙeran babbar suka sa ta. In an ƙera ta da ƙarya, ka miƙa wa yaron da ya fi kusa. Ƙananan motocin birni kuwa ko kyauta ba ka so. Ka ce motar da ba ta san taɓo ba kujera ce kawai aka yi wa taya.

Hannunka ma abin kallo ne. Tayar da ta ɓace ka yanko ta daga tsohon tib na taya, gilashi daga robar ruwa, fenti kuwa jan farcen 'ya'yanka ne ya sha wahala. Nakan tsaya a ƙofar ɗakin in ce, gemu ya yi fari fat amma ana nan ana tura mota a tabarma. Kai kuma ko ɗagowa ba ka yi, sai ka ce ni da na jera kwalla da samiru har rufin ɗaki, wa na taɓa zuba wa tuwo a ciki? Wallahi har yau maganar nan tana cina.

Amma akwai kabad ɗaya mai gilashi da ba na wasa da shi, ko ni mai baki. Motocin sauran kantoci kullum a goge suke, suna ƙyalli. Na cikin wannan kabad kuwa duk da datti a jikinsu, wata ja, wata fara, wata baƙin taɓo har ƙofa.

Na san dalili ne shekarar da mijina Ja'afar ya rasu. Shi ma tura motoci yake yi. Motarsa ta kife tsakanin Tawa da Abalak, mutanen wani ƙauye suka yi masa sutura a can, ni ko makararsa ban gani ba. Bayan na fita takaba ka aiko in zo. Ka buɗe kabad ɗin ka ciro wata farar katkat mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ya fi so ya tuƙa, tayoyinta da wani jan rairayi. Ka ce wani direba ka roƙa ya tsaya a wurin ya ɗebo maka ƙasar hanyar a ƙullin leda, ka kwaɓa ta da ruwan ƙaro, ka shafa da gashin kaza. Ka ce duk motar da ke cikin kabad ɗin ta wani direba ce da ya tashi daga Zongo bai dawo ba, kowa da irin motarsa, kowa da ƙasar hanyar da ajali ya same shi. Ka jera su yadda hanya take: na ƙasa su ne na kusa, Bohicon da Dassa, ana hawa ana yin arewa, har kanta ta sama ta mutanen Sahara. Na riƙe motar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da labari ya zo. Kai kuma ka juya baya kana ta gyaran wata taya da ba abin da ya same ta, har na gama.

Kowace Juma'a in ka dawo masallaci kakan shiga ɗakin ka tura ƙofa. Ka bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ka kira sunan mutum da na mahaifinsa, ka roƙa masa gafara. Da maganar ta kai kunnen wani malami, ya zo har gida ya tambaye ka ko wannan bai yi kama da abin da addini ya hana ba. Ba ka yi fushi ba. Ka ba shi wurin zama, ka ce:

"Malam, ba roƙonsu nake ba, roƙa musu nake. Ƙarfe ne da ƙasar hanya, ba ta kabari ba. Ni mai mantuwa ne, su ke tuna mini."

Malamin ya daɗe yana duban kabad ɗin. Kafin ya fita sai da ya tambaya ko ƙanensa da ya rasu a hanyar Kandi yana ciki. Yana ciki.

Sau nawa muka ce ka rubuta sunayen nan ka liƙa? Ɗanka Sadiƙu, da ya yi lakwal, wato boko, har ya ce zai buga maka su da inji. Ka ƙi. Ka ce ranar da takarda ta riƙe su, zuciya za ta sake su. Taurin kanka ba a magana, Halilu, gadon gidanku ne, kuma ga abin da ya jawo.

Kowa ya san al'adarmu. In an yi mutuwa, masu gida ba sa ɗaga ko tsinke. Matan maƙwabta ne ke karɓe gidan, su share, su wanke, su dafa, iyali kuma su zauna karɓar gaisuwa. Washegarin rasuwarka aka kwana ana ruwa, ruwan Yuni da ka sani, layinku ya zama tafki, rumfar da aka kafa wa maza ta cika. Sai aka ce a buɗe ɗakin motocinka a shigar da manyan baƙi. Assétou, maƙwabciyarku da ba ta daɗe da tarewa a layin ba, ta shiga da mata biyu su gyara. Suka ga kantoci tsaf, suka ga kabad ɗaya da motoci duƙun-duƙun. Suka ce jinya ce ta hana Alhaji gogewa, kuma ba za a bar baƙi su ga wannan ba. Suka kwashe su a baho, da garin sabulu da tsohon burushin haƙori, suka wanke su tas. Ƙaro kuwa bai san gardama da ruwa ba. Sannan suka mayar da su, farare gefe ɗaya, jajaye gefe ɗaya, manya a baya, ƙanana a gaba.

Ina ɗakin Hajiya Dija lokacin. Da na fito na leƙa, na ga abin da aka yi. Ka san bakina, ka san abin da ya taso mini. Sai Assétou ta juyo tana murmushin gajiya, yatsunta duk sun yamushe da ruwa, ta ce:

"Hajiya, kin ga yadda suka fito? Ai ko nan gaba a ce mun yi wa Alhaji wani abu."

Na haɗiye maganar. Na ce Allah Ya saka mata da alheri, don da zuciya ɗaya ta yi. Sai daga baya Hajiya Dija ta gaya mata da kanta, cikin lallashi. Matar nan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, aka rasa mai iya tashinta.

Sadiƙu da tsohon abokin tafiyarka, Malam Jibrilu, su suka nemo dabara. Aka yi sanarwa a masallaci cewa duk wanda Alhaji ya taɓa nuna wa motar mamacinsa, ya zo ranar addu'ar bakwai. Halilu, da ka ga mutane. Daga Zogbo, daga Placodji, har daga Parakou wata tsohuwa ta zo da jikanta yana riƙe da hannunta. Ashe kowa ka kira shi shi kaɗai, kamar yadda ka kira ni, kowa yana zaton shi kaɗai aka yi wa. Aka shimfiɗa farin zane aka jera motocin. Wannan ya gane tasa da lotsawar gefe, waccan ta gane tata da tsanin da ke baya. Ni na gane ta Ja'afar da ƙofar hagu da ba ta rufuwa sosai. Duk wanda ya ɗauka sai ya faɗi sunan da ƙarfi, jama'a su ce Allah Ya jiƙansa. Ranar ne Zongo ta fara jin sunayen nan a jere, waɗanda kai kaɗai kake faɗa a bayan ƙofa shekara da shekaru.

Da aka gama, biyar suka rage a kan zanen.

Malam Jibrilu ya ce ya san irin mutanen, amma bai san ko su wane ne ba. Baƙi ne, irin samarin da ke sauka Zongo daga Maraɗi ko Damagaram ko Cadi da 'yar jaka, neman motar turawa. A zaurenka suke kwana, a akushinka suke ci. Duk tasha da laƙabi ake kiransu, Dogo, Ɗan Arewa, Na Allah, kuma an yi Dogo ya fi goma. Kai kaɗai ne kake zaunar da baƙo daren farko ka tambaye shi sunansa na yanka, da na mahaifinsa, da garinsu. Ya ce bayan rasuwarsu ka yi ta aika saƙo ta bakin direbobi, wasu aka samu danginsu, waɗannan ba a samu ba. Ya ce da ƙasar tana nan, da kuma kantar da kowace take, da ya gane hanyar, in ya gane hanyar ya tuna hatsarin, in ya tuna hatsarin wataƙila fuskar ta dawo. Ya ɗauki wata koriya ya yi ta juya ta a hannu, ya kai ta kusa da ido, ya shinshina ta. Ƙanshin sabulu kawai take yi. Ya ajiye ta ya fita waje, ba mu sake ganinsa ba sai magariba.

Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni, kuma ba zan ɓoye ba. Mu namu mamatan suna da mu. Waɗannan biyar kai kaɗai suke da shi.

Iyali sun yanke shawarar ba za a raba motocin ba, ɗakin zai zauna yadda yake. Direbobi sun yi alkawarin sake kawo ƙasa daga hanyoyin da aka sani. Biyar ɗin kuwa an ba su kanta tasu, a wanke, tunda babu wanda ya san ƙasar da za a shafa musu. Assétou ce ta roƙi Hajiya Dija a bar ta ta riƙa shiga ranar Juma'a. Na gan ta makon jiya ta ƙofar da ba ta rufu ba. Tana bin su da yatsa kamar yadda aka gaya mata kana yi, in ta zo kan kowace sai ta ɗan tsaya inda suna ya kamata ya shiga, sannan ta ce, Ya Allah, wannan bawan naka, Kai Ka san shi.

Allah Ya jiƙanka, Halilu ɗan kawuna. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Yadda ka sauki baƙo ka tambayi sunansa, Allah Ya sauke ka saukar girma. Yadda ka tuna da waɗanda aka manta, Allah kada Ya bar ka cikin waɗanda ake mantawa. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Dija, Allah Ya ba ta haƙuri da juriyar takaba. Ga Sadiƙu da 'yan'uwansa da jikoki, ga Malam Jibrilu da dukan direbobin Zongo, ga duk wanda ya ɗauki mota a kan farin zanen nan. Sannan ga wasu gidaje biyar da ban san garinsu ba, ban san ƙofarsu ba, waɗanda ba a taɓa zuwa yi musu gaisuwa ba. Wataƙila a cikinsu akwai uwar da har yau, in ta ji mota ta tsaya a waje, sai ta gyara ɗankwali ta fito. Allah Ya ba ku haƙuri. 'Ya'yanku sun samu mai yi musu addu'a a Kwatano, da sunansu, har ranar da ya rasu.