Hasken da Inna ta ƙi

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da ƙanwata. Ita ke jan motar, don ni tuƙina sai da addu'a. A Kazaure muka tsaya shan koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har kana iya haɗiye shi ba tauna. Daga nan har Daura gero ne dama da hagu, duk ya fitar da kai.

Ba yawo ne ya fito da mu ba. Bara aka yi wa Inna aikin yanar ido, bana kuma wata 'yar siririyar fata ta sake tare mata gani. Likita ya ce da hasken lesa za a huda ta. Inna ta ji an ce wuta ce, ta rantse ba mai ƙona mata ido, ta koma ƙauyenmu kusa da Dutsi tana lalube. Ni kuwa wannan hasken nake koyarwa a jami'a. Sai dai ni ne ɗan fari. Tun da nake, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, magana ma sai ta bakin wani.

Bayan mun ci tuwon gero da miyar kuka, na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ƙanwata a tsakaninmu.

Na ce, "Ki gaya wa Inna ba ƙuna ba ce. Fatar nan ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Hasken yakan taru a wurin da bai kai tsinin allura ba, ya fizge abin da ya ɗaure su, sai su ture juna su watse. Kafin zafi ya bazu an gama."

Inna ta juya ga ƙanwata. "Wato kamar a tsinke igiyar dami?"

"Haka ne, Inna."

"Tambaye shi, in nasa idon ne zai yarda?"

Na ce zan yarda. Sai ta ce a ɗauko mata mayafi.

Washegari muka kai ta asibiti. Ta ɗora haɓa a kan na'ura, muka ji ƙas-ƙas 'yan lokuta, shi ke nan. Ni da na san lissafin abin, addu'a nake ta yi.

Da yamma muna komawa ƙauye hazon ya fara washe mata. Na waiwaya daga kujerar gaba, sai na ga ni take kallo, ido cikin ido. Ta daɗe, sannan ta kau da kai ta ce wa ƙanwata, "Ashe wannan har ya yi furfura."

Mun dawo Kano lafiya. Tafiyar ta koya mini cewa ilimin da ban iya faɗa wa Inna da Hausa ba, ban gama saninsa ba. Furfurar kuwa na fasa rina ta, tunda ta gan ta.