Gwadabe Direba, Wanda Ya Koya Wa Jirgin Sama Juye

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da tashar Tudun Wada ya san zakarun unguwar sun daɗe da rasa aikin yi. Da an sallame asuba, Gwadabe zai fito daga masallaci da ɓarin goro a kunci, ya ɗura wa motarsa ruwa, ya zagaya yana harbin tayoyin da ƙafa yana tambayarsu ko sun tashi lafiya. Daga nan sai ya tofa wa tafin hannunsa yawu, ya kama handul, ƙarfen tayar da inji. Motar za ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi kamar ta fasa, can kuma sai ta ɗauki ruri har jariran unguwa su amsa mata. Babbar mota ce mai bodin katako, an rubuta mata "Sai Mun Je" a goshi, kuma mutanen Doguwa da Bebeji da Kiru shaida ne cewa tana zuwa, sai dai ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin lokaci ba.

To, a ƙarshen daminar bana, ta 1959, Gwadabe ya ajiye tuƙi. Ido ne ya ce ya gaji. Abin da ya yanke masa shawara shi ne ranar da ya tsaya a hanyar Kiru yana ta danna wa wani dattijo oda ya kauce, har ya sauko zai ba shi baki, ya tarar kututturen ɗorawa ne. Shi da kansa yake ba da labarin yana dariya. Mu da muka sha zama a bayan motarsa dariyar ba ta kai mana ciki ba, domin mun san abin da muka rasa.

Direbobin hanyar nan suna da wata ƙa'ida da suka gada, Gwadabe kuwa ya riƙe ta kamar farilla. In motarka ta lalace, fasinjan da ka ɗauko amanarka ne. Cikinsa a wuyanka yake, makwancinsa ma haka, kuma dole ka tsayar da wata mota ka yi masa juye, ko da ta abokin gabarka ce. Salamatu mai ƙosai ta Bebeji ta ga ranar da ƙarfen ƙafar Sai Mun Je ya karye a bakin gari. Ta ce Gwadabe ya tare matan Fulani ya saye furarsu kaf ya raba wa fasinja, sannan ya tsaya a tsakiyar titi ya shanya hannuwa har motar wani direba da ba sa ga maciji ta tsaya. Ya loda masa mutanen, ya sha baƙar magana, ya kwana a gindin motarsa shi kaɗai.

Da aka fara zuwa Makka ta sama, jigilar maniyyata zuwa filin jirgin Kano ta faɗo a kansa. Shekarar farko ya sauke su ya juyo abinsa. A cikinsu akwai Malam Lado na Kiru, wanda jirginsa bai zo ba. Ya yi ta gararamba a Fagge har guzuri ya ƙare, ya dawo gida a ƙasa. Har gobe yaran Kiru Alhajin Fagge suke ce masa, kuma tun daga lokacin bawan Allah ya daina zuwa ɗaurin aure. Wannan abu ya tsaya wa Gwadabe a rai. Ya yi rantsuwa ba zai ƙara juya kan motarsa daga filin nan ba sai ya ga jirgi a sama da idonsa, mutanensa suna ciki.

Wanda bai san yadda ake sallamar maniyyaci a ƙasarmu ba zai ce mene ne abin kunya a dawowa. Ai mai tafiya Makka sallamar mutuwa yake yi. Gida-gida zai bi yana neman gafara, ya rabar da kayansa, a yi kuka, a raka shi har bayan gari. Wanda aka yi wa wannan, da wace fuska zai dawo bayan 'yan kwanaki ya ce a ba shi tabarmarsa?

Iya Asibi ta Ba'awa ta yi irin wannan sallama shekarun baya kaɗan, ta kuma yi ta har da ƙari. Tsohuwa ce mai sana'ar daddawa, wadda ta kashe ƙuruciyarta da tsufanta tana tarin wannan tafiya. Ta ba wa jikoki awakinta, ta ba da gadonta na kara, ta ba da aron gonarta. Abin da ya fi girgiza garin shi ne da ta shiga gidan maƙwabciyarta Rabi. Tun suna amare suke rigima a kan rariyar da ke kwararo ruwa daga gidan Rabi zuwa tsakar gidan Asibi, kuma dagatai biyu sun mutu ba su raba wannan shari'a ba. Asibi ta durƙusa ta ce, "Rabi, na yafe miki rariya duniya da lahira." Ta kawo turminta da babbar tukunyar dahuwar kalwa ta ba ta kyauta. Suka rungume juna suna kuka, har maza suka riƙa share ido da bakin rawani.

Gwadabe ya kai su filin jirgi, Iya Asibi da maniyyatan Kiru da Bebeji da Doguwa, ya ja motarsa gindin wata bishiya ya zauna. Aka ce gobe. Gobe ta yi aka ce jibi. Ruwan sama yana dukansu, ranar Arfa tana matsowa, akawun kamfanin jirgin, wani saurayi mai suna Hamidu, kullum sai ya leƙo ta taga ya ce saura ƙiris. Rannan da hantsi ya fito gaba ɗayansa, ya gyara wuyan riga, ya ce jirgin ya lalace a wata ƙasa mai nisa, ba zai zo ba, kowa ya koma gida sai baɗi.

"Sai haƙuri," in ji shi. "Haka Allah ya so."

Iya Asibi ba ta yi kururuwa ba. Zama ta yi a kan ƙunshin kayanta, hawaye yana bin tamojin fuskarta. Gwadabe ya tsuguna a gabanta ya ce, "Iya, ki yi shiru mana."

"Gwadabe, in koma Ba'awa in ce me? In ce wa Rabi ta ba ni turmina? In kwana a ƙasa a ɗakina, yara suna kirana Hajiyar Kano? Wallahi nan zan zauna. In baɗin ta same ni da rai, to. In ba ta same ni ba, ku binne ni inda zan riƙa jin ƙarar jirgi."

Tausayinta ya kama shi ƙwarai, ransa kuma ya ɓaci. Ya tashi ya nufi tagar akawu.

"Malam akawu, sannu da aiki. Na ji an ce motarku ta lalace."

"Jirgi dai, Malam direba."

"To, jirgi. Yaushe za a yi musu juye?"

"Juye kuma? Nan ba tasha ba ce."

"Abincinsu fa? Makwanci fa? Mutanen nan guzurin Makka suke ci a Kano."

"Wannan ba ya cikin aikin kamfani."

"Ikon Allah," in ji Gwadabe. "Ni da nake tuƙa katako na san fasinja amana ne, ku da kuke da fiffike ba a gaya muku ba?"

Hamidu ya rufe taga. Gwadabe ya koma ya buga handul, ya tuƙo Sai Mun Je a hankali, ya gicciya ta a ƙofar ofishin kamfanin, daidai inda manaja yake fitar da ƙaramar motarsa, ya kashe. Ya sa duwatsu ya tokare ta, ya kwance ƙafar baya guda, ya mirgina ta ƙarƙashin bodi, ya shimfiɗa buzunsa. Da Hamidu ya fito a guje yana tambayar abin da ke faruwa, Gwadabe ya dube shi da fuskar jimami.

"Lalacewa ta yi, Malam akawu. Sai haƙuri. Haka Allah ya so."

Sannan ya kira maniyyata su dawo inuwar mota, tunda ko ba komai bodinta yana tare ruwa. Ya ce wa Iya Asibi mutane suna jin yunwa. Tsohuwa ta share hawaye, ta kafa murhu a gindin tagar manaja, ta kwance guzurinta. Jama'a, daddawar Asibi ba irin wadda kuka sani ba ce. A Ba'awa in ta buɗe tukunya, mutanen Yako sukan san an kwana lafiya a gidanta. Ga ɗanyen itace na damina yana hayaƙi, ga miyar kuka tana tafasa, ga iska tana kaɗawa ofis.

Manajan Bature ne, dogo, mai jan wuya. Ya rufe taga zafi ya dame shi, ya buɗe daddawa ta same shi. Ya aika a kira ɗan doka. Ɗan dokan ya zo da kulkinsa yana muzurai, ya zagaya mota, ya ga lallai ƙafa uku gare ta, ba ta turuwa. Iya Asibi ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, kai ba jikan mai unguwar Yako ba ne? Zo ka ci tuwo." Da manaja ya leƙo don ya ga yadda ake korar mutane, sai ya hango hukuma ta ajiye kulki tana suɗe kwano.

Washegari Bature ya fito da kansa, hankici a hanci, Hamidu yana yi masa tafinta. Ya tambaya yaushe za a gyara motar.

"Ranka ya daɗe, sai baɗi," in ji Gwadabe.

Hamidu ya juya wannan magana. Wuyan Bature ya ƙara ja. Ya ce me direban yake so?

"Ni ba na son komai, ranka ya daɗe. Ƙa'idar hanya ce kawai. Wanda motarsa ta lalace shi ke ciyar da fasinja, ya ba su wurin kwana, ya mayar musu da guzurin da suka cinye suna jiransa, sannan ya nemo motar wani ya yi musu juye. Ga jirage can na wasu kamfanoni ina gani suna sauka suna tashi. Ko ba kwa gaisawa ne? Ni ma wanda na ba wa fasinjana a Bebeji ba ma gaisawa."

Bature ya buɗe baki zai yi magana, daidai lokacin Iya Asibi ta ɗaga murfin tukunya. Ya koma ciki da sauri. Abin da ya faɗa ta waya ba mu sani ba, amma kafin la'asar an buɗe wa maniyyata wani babban ɗakin ajiya, an kawo burodi da shayi da buhunan shinkafa a madadin guzurinsu. Ba a jima ba aka ce an yi hayar jirgin wani kamfani. Hamidu da kansa ya ɗaukar wa Iya Asibi ƙunshinta, yana roƙonta ta sa shi a addu'a, ta kuma taimaka ta bar sauran daddawar a Kano. Ta ce addu'a dai za ta yi.

Gwadabe bai taɓa tayar nan ba sai da ya ga jirgin ya ɗaga, ya yi ƙanƙane, ya shige gajimare. Sannan ya mayar da ita, ya buga handul, kuma waɗanda suke wurin sun rantse bugu ɗaya motar ta tashi, abin da ba ta taɓa yi ba. Tun daga shekarar, in jirgin maniyyata ya yi jinkiri, da ma'aikatan kamfanin sun hango Sai Mun Je a gindin bishiya sai ka ga an fara fito da burodi.

Kai ne, Gwadabe, ka kai ɗaruruwa bakin jirgi, kai ko matakalarsa ba ka taɓa takawa ba. Kai ne ka sha ruwan sama da cizon sauro a kan tafiyar da ba taka ba, ka bar lodin kasuwar Doguwa ya wuce ka saboda tsohuwar da ba ka haɗa komai da ita ba. Na Tudun Wada, mai mota ƙafa uku! Ba ka da lambar girma, ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, amma akwai gidaje a ƙasar nan da ake cewa Alhaji da Hajiya saboda taurin kanka.

Ranar da alhazai suka sauka, shi ya je ya ɗauko su. Ya sa Hajiya Asibi a gidan gaba, ya shiga Ba'awa yana danna oda tun daga bayan gari, mata suna guɗa. Ta kawo masa tsarabar dabino da ruwan Zamzam da kwalli, ta ce ya riƙa sawa don idon ya daɗe yana ganin jirgi. Rabi ta taho da gudu ta rungume ta. Hajiya ta karɓi gaisuwa, ta shiga gida, ta tarar da tsakar gidanta ta zama tafki. Ta leƙa ta kan danga.

"Rabi! Wannan ruwan fa?"

"Haba Hajiya, ba kin yafe ba, duniya da lahira?"

"Na yafe na baya. Wannan na bana ne."

Gwadabe ya ce da ya ji haka sai hankalinsa ya kwanta, ya san ya dawo da fasinjarsa gida lafiya ƙalau, ba abin da ya ragu a jikinta.

Mun gode, Gwadabe. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idonka lafiya, ya kai ka inda ka yi ta kai mutane. Ku kuma masu ɗaukar jama'a, ko a ƙasa kuke tafiya ko a sama, ku yi koyi da shi, kada ku juya baya sai wanda kuka ɗauko ya isa. Yanzu haka alhazan Kiru da Bebeji da Doguwa sun haɗa kai za su kai shi Makka baɗi, kuma Hajiya Asibi ta ce ita za ta raka shi filin jirgi. Ta riga ta karɓo tukunyarta daga wurin Rabi, ta ce ba za ta kashe wuta ba sai ta ga jirginsa a sama.