Tsintsiyar Munzali Mai Faci

Munzali mai faci ya rasu a damanar da ta wuce, bayan gajeriyar jinya. Rumfata ta gyaran keke tana jikin tasa a bakin titin Gwaram, nan Birnin Kudu. Har yau in na zo da safe sai na tarar na zagaya ta dama zan yi masa sallama, don kunnensa na hagu ba ya ji.

A Kano ya baro kunnen. Yana saurayi ya bar Wurno ya samu aiki a wani kamfanin takarda. In an tashi, ma'aikata kan kakkaɓe ƙurar takarda daga jikinsu da tiyon iska. Wata rana abokin aikinsa ya ce bari ya hure masa ƙeya, hannu ya goce, iskar ta shiga kunne ta fasa dodon. Munzali bai riƙe mutumin a zuciya ba. In yana ba da labarin ma dariya yake, ya ce ai riba ya ci, in matarsa Hapsatu ta fara faɗa sai ya juya mata hagu.

Da ya dawo gida ya sayi kwamfaresa, injin ba taya iska, ya kafa doka ɗaya: iska ta taya ce, ba ta jikin mutum ba. Lokacin casar shinkafa masu aikin inji kan zo fari fat da ƙaiƙayi suna roƙon ya hure su. Sai ya ciro tsintsiyar da ya rataye a jikin rumfa ya kakkaɓe su da kansa, yana cewa, "Juyo, ango! Wa zai ba ka mata a haka?"

Mutum ɗaya ne ba ya yi wa wasa, surukinsa Baba Yunusa na Kwandiko. In ya hango shi sai ya cire takalmi ya durƙusa, murya kamar ta marar lafiya.

Ran nan Baba ya zo daga wurin casa, tayar babur ɗinsa ta sace. Munzali ya sunkuya a kan baho yana neman hujin, tanki kuwa cike da iska. Ƙaiƙayi ya dami tsohon, sai ya cire hula, ya ɗauki tiyo ya nufi kunnensa da shi.

"Kai! Ajiye!" Munzali ya daka tsawa, ya fizge tiyon.

Har masu shan shayi a tsallaken titi sai da suka waiwayo. Baba ya mai da hularsa, ya bar babur ɗin nan, ya hau motar Gwaram ya tafi.

Munzali ya kasa cin abinci. "Shi ke nan, Nuru," ya ce mini, "gobe zai aiko a ɗauke 'yarsa."

Washegari na raka shi Kwandiko da babur ɗin da ƙullin goro. Ya durƙusa a zaure, ni kuma na ba Baba labarin Kano tun daga farko. Ashe kunya ba ta taɓa bari ya gaya wa surukinsa ba.

Baba ya dube shi. "Wane kunnen?"

"Na hagu, Baba."

Tsohon ya fashe da dariya har da buga cinya. "Ashe kurumta ce! Ni kuwa sau nawa zan yi maka magana ka share ni, na ce yaron nan ya sha ruwan Kano ya fi ƙarfinmu. Tashi, ɗan nan. Kunnena ka tsare mini, me zan yafe?"

Da za mu taho ya shiga gida ya fito da sabuwar tsintsiya, ya ce waccan ta tsufa, ba ta dace da bayan manya ba. Tun daga ranar, duk casa sai ya zo rumfar ya juya baya ya ce, "To, mai tsawa, yi aikinka."

Yanzu ƙanin Munzali, Ikrima, ke riƙe da rumfar. Tsintsiyar tana nan a ƙusarta. Shekaranjiya Baba ya zo duba jikokinsa, ya zauna a bencinmu. Wani direba ya miƙa hannu ya ɗauki tiyo zai hure rigarsa, sai na ji tsohon ya daka masa tsawa, "Kai! Ajiye!" Na yi dariya har hawaye suka zubo mini, daga baya kuma na kasa tsai da su.

Allah ya jiƙanka, Munzali, ya sanyaya makwancinka.