Jan Guga a Lambun Tozai

Da, a Illela, a bakin rijiya ake sanin mai ƙarfi. Yanzu samari suna da wani shago kusa da tasha inda suke ɗaga ƙarfe a gaban madubi, su fito da riga mai matse damtse.

'Ya'yan ƙanena biyu suna cikinsu. Wani rani injin ban-ruwa ya mutu a lambuna na Tozai, daidai lokacin da albasa ta fara kai. Makaniki ya ce sai ya nemo kayan gyara a Ƙwanni ko Sakkwato. Na kira samarin, na nuna musu tsohuwar rijiya da guga. Babban ya yi dariya, ya ce wannan ai ɗumama jiki ne.

Na ba su labarin abin da na gani a bakin tekun Dakar zamanin ina fatauci: masu tseren ƙananan jiragen ruwa da iska ke turawa, mutum ɗaya a jirgi. Yakan saƙala ƙafafunsa, ya kwantar da bayansa waje bisa ruwa, igiya a hannu, yana ja yana saki har tsere ya ƙare. Na tambayi wani cikinsu da Faransanci, siriri kamar makiyayi. Ya ce hannu riƙo kawai yake yi, baya da ciki da cinya ke aikin, kuma wanda ya ƙarar da ƙarfinsa da wuri iska ce za ta kifar da shi. Iyayenmu ma haka suke jan guga, a jingina baya, a ja sannu.

"To Baba, mi ya haɗa teku da Tozai?" in ji ƙaramin.

Suka jingina waya a kututture tana ɗaukarsu, suka shiga gasa. Da damtse zalla suke fizga, guga na bugun bango, rabin ruwan na komawa ciki. In sun ɗan ja sai su zauna, wai haka ake hutawa a shagonsu. Na yi faɗa har murya ta dushe. Kafin hantsi tafin hannunsu ya ɗuri ruwa. Washegari babban ya aiko cewa ko kabbara da ƙyar ya ɗaga hannu.

Na kama igiyar da kaina. Dabarar tana nan, kafaɗar ce ta ƙi.

Kafin injin ya tashi, yawancin albasar ta ƙone. Na ba maƙwabcina lambun a wannan shekarar, ban sake shuka albasa ba.