Wasiƙun da Garnet Ya Mayar

Garnet Himmelman mijin yayata Verna ne. Ya daɗe yana aikin kuku a jiragen kamun kifi kafin ciwon gwiwa ya sauke shi. A garinmu, a gaɓar kudu ta Nova Scotia, duk wanda ya bar teku sai ya nemi abin da zai ɗauke masa hankali. Wasu su koma sassaƙa ƙananan jirage, wasu su koma kwalba. Shi ya koma tara tsofaffin wasiƙu, irin waɗanda suka ƙetaro teku tun zamanin da iska ke tura jirage.

Wasiƙun ba su da ambulan, ba su da kan sarki. Takarda ce a ninke, an liƙe bakinta da jan kaki, an rubuta sunan jirgi ko na kyaftin a kusurwa, sannan ma'aikacin gidan waya na tashar da jirgin ya tsaya ya buga hatiminsa. Wannan bayan takardar shi Garnet ke so. Abin da ke ciki bai dame shi ba, Verna ce mai karantawa, ta yi ta jimamin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanmu. Nakan tsokane shi in ce ya bar dafa kifi ya koma kiwon takarda. Shi kuma ya ce gara takarda, ba ta ƙarni, ba ta kuma zuwa cin abincin Lahadi ba gayyata kamar ƙanwar wata.

Wanda ya koya masa harkar shi ne Avery Knickle, tsohon ma'aikacin gidan waya. Shi ya ba shi hantsakinsa na farko, ya hana shi taɓa takarda da hannun maiƙo. Ba sa ciniki a tsakaninsu, sai dai musaya, ba ni wannan in ba ka wancan. Shekara da shekaru kuma Avery yakan je wani ƙaramin gidan tarihi a garin da ke gaba da mu, yana taya su shirya akwatunan takardu kyauta.

Abin ya faro ne a baje kolin kaka da ake yi a zauren 'yan kwana-kwana. Garnet ya fito da wasiƙar da ya fi ji da ita. Daga Liverpool ta taso, jirgin da ya ɗauko ta ya fashe a kan duwatsu kusa da Halifax, aka tsamo jakar wasiƙun daga ruwa, gishiri ya bar mata tabo kamar taswira. Wata matashiya mai tabarau ta tsaya a gaban teburinsa ta daɗe tana kallo. Ta tambaye shi inda ya samo ta, ya ce daga wurin aboki. Ta ɗauki hoto da wayarta, ta fita, ko gahawar da aka zuba mata ba ta sha ba.

Ina gidansu muna yanka kabeji da Verna ranar da 'yar sanda ta ƙwanƙwasa ƙofa. Renée Doucet ce, yarinyar da ta girma a gabanmu, tare muke zuwa coci da iyayenta. Ta cire hula ta zauna a bakin kujera. Ta ce matashiyar nan ita ce sabuwar mai kula da gidan tarihin, kuma wasiƙar tana cikin kayan da wani iyali suka ba su ajiya, har hotonta suna da shi. Da aka buɗe akwatunan, sai aka tarar ba ita kaɗai ta yi ƙafa ba.

"Baba Garnet, ban ce kai ka ɗauka ba," in ji ta. "Amma a hannunka aka gan ta. Wa ya ba ka?"

Garnet ya dubi tafin hannunsa, ya ce ya manta. Mutumin da zai iya jero maka sunayen kyaftin-kyaftin da suka mutu tun zamanin kakan kaka, shi ne yau ya manta. Renée ba ta yi musu ba. Ta karɓi wasiƙar ta sa a leda, ta ce za ta dawo farkon mako, amma in ya riga ta zuwa ofis da ƙafarsa, zai fi masa sauƙi.

Motarta na tashi Verna ta ajiye wuƙa. Ta ce masa ya san wanda ya ba shi, ita ma ta sani. Ya ce ta tuna Phyllis matar Avery, wadda da tukunyar iska take numfashi, ba su da ɗa ba su da jika. In aka rufe Avery, wa zai ɗaga ta daga gado? Verna ta ce in kuma shi aka rufe fa? Garnet ya miƙe. Ya shiga ɗakin wasiƙunsa ya rufo ƙofa, muka ji yana jan akwatuna yana mayarwa.

Ƙaramin gari ba ya riƙe magana. Kafin Juma'a kowa ya ji. Da ya shiga shagon gahawa inda tsofaffin masunta ke zama, wani ya ce kowa ya dafe aljihunsa, ga masanin tarihi ya iso. Aka yi dariya, ba da mugunta sosai ba, amma Garnet ya juya ya fita. Abin da ya fi cin ransa shi ne Avery bai kira ba, bai leƙo ba, alhali labarin ya kai masa.

Ranar Asabar da rana ya je gidan Avery da kansa. Daga baya ya ba mu labarin yadda suka yi. Phyllis ce ta yi masa maraba daga kan kujerarta, roba a hancinta, tana tambayarsa lafiyar Verna, da alama ba ta san komai ba. Avery ya ja shi zuwa ɗakin ajiye mota ya rufe ƙofa. Da Garnet ya tambaye shi zancen wasiƙar, bai yi gardama ba. Ya ce akwatunan suna ɗakin ƙasa ne, danshi na cin su, ɓeraye na kwana a ciki, ya yi magana har ya gaji ba wanda ya kula. Ya fara ɗaukar ɗaya-ɗaya ne don ya busar da su, daga nan hannu ya saba.

"Da na bar su, da yanzu fumfuna ta cinye su," in ji Avery.

"To ka cece su. Me ya sa ka danƙa mini ta Liverpool ɗin?"

Avery ya ce ya san a wurin Garnet ba abin da zai same ta.

"Ita kaɗai ce, ko akwai wasu?"

Avery ya kawar da kai, ya ce kusan duk abin da ya ba shi tun shekarar da Phyllis ta kwanta daga can ya fito.

Garnet ya gaya masa cewa Litinin da safe zai tsaya a ƙofar gidansa da mota. In ya fito, su tafi tare ya faɗa da bakinsa. In bai fito ba, shi zai tafi, kuma abin da aka tambaye shi zai amsa.

Ranar Lahadi ba wanda ya je coci a gidan. Garnet ya shimfiɗa zanen gado a kan teburin cin abinci, ya dinga fito da wasiƙu da hantsaki, yana ware duk wadda ta biyo ta hannun Avery. Ni da Verna muna sa su a leda. Tulin ya yi ta girma har ya kusa rabin abin da ya tara, kuma mafi kyawun ciki ne. Akwai wasu da bai tabbatar ba, sai ya riƙe su ya daɗe yana juyawa, sannan ya ɗora su kan tulin. Na so in yi masa wasa don in rage nauyin ɗakin, na dubi fuskarsa na haɗiye.

Da safe ya ce in raka shi, don gwiwarsa ba za ta bar shi ya ɗauki akwati ba. Muka tsaya a ƙofar gidan Avery, inji na aiki. Ba wanda ya fito. Labulen falo ya motsa sau ɗaya ya koma. Na ce ko ya danna ham, ya ce a'a, Phyllis za ta ji. Muka zauna har gilashin mota ya yi gumi. Ya kai hannu ga giyar mota ya janye, ya sake kaiwa ya janye. A ƙarshe ya ja motar.

A ofis Renée ta buɗe akwatin, ta dube shi, ta dubi Garnet. Ta ce ba ta zaci sun kai haka ba. Sannan ta maimaita tambayarta ta ranar nan, a hankali. Garnet ya faɗi sunan, ita kuma ta rubuta.

Muna fitowa muka ga motar Avery a gefen tamu. Yana zaune a ciki da kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, hannu biyu a kan sitiyari. Ya sauke gilashi.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa," in ji Garnet.

"To." Ya fito, ya gyara wuyan rigarsa, ya wuce mu ya shiga ciki.

Ba a ɗaure Avery ba. Alƙali ya duba shekarunsa da halin matarsa, ya hana shi shiga gidan tarihin har abada, ya kuma karɓe abin da ya rage a wurinsa. A gari kuwa mutane suka rabu biyu, wasu suka ce Garnet ya yi abin da ya dace, wasu suka ce ya sayar da abokinsa. Bai taɓa kare kansa a gaban kowa ba. Bai daina tara wasiƙu ba, sai dai ya daina kai su baje koli.

Da sanyi ya shigo, idon Avery ya yi rauni har likita ya hana shi tuƙi. Garnet ne ya koma kai Phyllis asibiti. Ita a gaba da tukunyar iskarta a tsakanin ƙafafu, Avery a baya. Phyllis ta gaya mini cewa duk tsawon hanya mazan nan biyu ba sa zancen komai sai iska da ruwan sama, da wanda jirginsa ya fita da wanda bai fita ba. Haka suka yi ta yi har ta rasu da bazara.