Mai Famfo Ya Sake wa Akuya Ƙafafu

Duk unguwar Mai Famfo ake ce masa, har jikokinsa ma haka suke kiransa in sun ga kakarsu ba ta kusa. Gyaran famfon burtsatse ne sana'arsa tun yana saurayi. Ya yi aiki a ma'aikatar ruwa har ya yi ritaya, sai dai ƙauyukan bayan duwatsu ba su san da wata ritaya ba. Famfo na tsayawa, shi za a kira. Gajere ne kakkaura, mai faɗin tafin hannu, ba ya son yawan surutu sai in zancen ƙarfe aka ɗauko.

Yana da wata tsohuwar jif mai ja da tayoyi huɗu, wadda ya sa wa suna Akuya saboda yadda take hawa dutse. Bayanta kullum maƙare yake da bututu da sanduna da manyan sifanu da gwangwanin giris. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta waje, sai an zura hannu ta taga. Shi dai bai taɓa ganin laifinta ba.

Laifin daga hanya ya zo. Manyan motocin ɗaukar yashi suka fara bin ta, suka haƙa kwari mai zurfi dama da hagu, suka bar tudu a tsakiya. Da damina ta sauka, sai cikin Akuya ya dinga zama a kan tudun nan, tayoyi suna ta wulwulawa a banza. Ranar da sai da aka kawo shanun noma suka ja ta, ya dawo gida laka har gemu. Maiɗakinsa ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam, famfon ka gyara ko rijiyar ka faɗa?"

Washegari ya tafi kasuwa ya sayo manyan tayoyi na hannu, masu kaurin zane, kowace ta kai masa ƙugu. Ya kai su garejin ƙanin matarsa, makanike ne da ake yi wa laƙabi da Baƙin Mai, don ko wanka ya yi sai ka ga alama a bayan kunnensa. Tun auren yayarsa suke tsokanar juna, har yanzu da duk sun yi furfura.

Baƙin Mai ya zagaya tayoyin, ya shura ɗaya da ƙafa.

"Yaya, waɗannan na Akuya ne ko raƙumi ka sayo ba mu sani ba?"

"Ɗaura min su kawai, ina da aiki."

"Zan ɗaura. Amma zo ka gani." Ya ja shi ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi yana juya su. "Sandar da ke cikin nan siririya ce, don ƙananan tayoyi aka yi ta. Ka ɗora mata waɗannan, ka shiga taɓo ka taka mai, murɗewa za ta yi ta karye. Kuma a daji za ta yi maka, ba a ƙofar gida ba."

Mai Famfo ya dubi ƙarfen. Ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sau nawa ya zaro siririyar sanda a karye daga rijiya mai zurfi, don an sa ta aikin da ya fi ƙarfinta?

"To, mene ne abin yi?"

"A sake aksil, gaba da baya. Na babbar mota."

Haka aka ɗora Akuya a kan itace a kusurwar gareji, ba taya ko ɗaya, kamar an yanke mata ƙafafu. Mai Famfo kallonta ma ba ya son yi, amma kullum da safe yana can. Maiɗakinsa ta ce ai gara a kai masa tabarma da filo.

Sun sha yawo wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, suna tsallake tulin ƙarafa da ciyawa ta rufe. Na gaba bai ba su wahala ba. Na baya ne ya kawo rigima. Sun samo wani mai kauri, sun ɗauko shi da ƙyar, sun kankare tsatsa, har mai walda na maƙwabta ya yanke mazaunin sifirin, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, ya matsar da shi daidai da faɗin Akuya. Sai a lokacin Baƙin Mai ya tuna bai gwada giyar ciki ba. Ya sa alli ya yi alama, ya juya na gaba, ya juya na baya, ya sake juyawa. Sannan ya sosa ƙeya.

"Yaya, ba su yi daidai ba. Na baya ya fi na gaba sauri. In ka sa jan huɗu, duk tayoyin suna ja, faɗa za su yi da juna."

"Yanzu ka sani? Bayan na kusa karya bayana?"

Mai Famfo ya ɗauki hularsa ya fice. Ranar ko gaisuwar maƙwabta da ƙyar ya amsa. Da yamma maiɗakinsa ta kawo masa shayi, ta zauna a gefe tana ninke kaya.

"Ƙanena ya bugo waya. Wai in ba ka haƙuri."

"Aikinsa ne, ya kamata ya duba tun farko."

"Gaskiya ne. Amma da wani ne, da ya rufe ya ɗaura, ka je can ka gani da idonka."

Ya kurɓi shayi, ya ce sukari ya yi yawa. Da safe kuma ya riga Baƙin Mai zuwa gareji.

Ba su sake neman wani aksil ba, giyar ciki kawai suka samo wadda ta dace. Mai Famfo da kansa ya wanke haƙoranta da kananzir, ya shafa giris, ya riƙe fitila Baƙin Mai yana daidaitawa. Aka ƙara tsawon tiyon burki, aka ɗan yanke madigadi, murfin da ke saman taya, don kada ta goge shi, aka zuba sabon man giya. Da aka sauke ta daga kan itace, Akuya ta tsaya ƙiƙam, ta yi faɗi, ta yi tsawo, har masu wucewa suna waiwayowa.

Mai Famfo ya zura hannu ta taga don ya buɗe ƙofa, hannun bai kai ba. Ya yi ɗage, bai kai ba. Baƙin Mai ya zauna a kan tsohuwar taya yana dariya har da hawaye.

"Yaya, in ɗaga ka?"

"Ka taɓa ni ka gani."

Mai walda ne ya raba gardamar, ya liƙa matakala ta ƙarfe a kowane gefe.

Kiran farko da ya zo bayan haka daga ƙauye mafi nisa ne. Yana loda kaya sai ga maiɗakinsa ta fito da mayafi da jaka a hannu. Ta ce shekara da shekaru tana wanke lakar wurin nan, yau dai za ta ga inda ake ɗebo ta. Ya ce hanyar ba daɗi. Ta ce ta ji. Ta taka matakala ta haye abinta.

Da suka iso wurin kwarin, ya rage gudu, ya sa jan huɗu, ya kasa kunne. Akuya ta bi ta kan tudun ba abin da ya taɓa cikinta. Ta ɗan yi nauyi a sitiyari, burkin ma sai an danna sosai, amma ta wuce. Ya shafa sitiyarin da tafin hannu.

A ƙauyen, robar cikin famfo ce ta cinye. Ya zaro sanduna, ya sake ta, ya mayar, mazan gari suna kama masa. Da ruwa ya ɓarke aka yi ta shewa, aka jera bokitai. Ya wanke hannu ya juya neman maiɗakinsa, sai ya hango ta a inuwar bishiya cikin mata, jaririn wata a cinyarta, ana ta hira kamar tare suka tashi.

"Mu tafi ko?" in ji shi.

"Saurin me kake yi, Malam? Yanzu aka fara ba ni labarinka."

Ya koma jikin Akuya, ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ya tura hula gaba ya rufe ido yana jiranta.