Ƙwaryar Inna a Kife

Na shiga gidajen ajiye zane-zane a Alƙahira da Faris da Yamai. Ko'ina doka ɗaya ce: ka duba da ido, hannunka a baya, ka yi magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Shi ya sa da wasu matasa daga Katsina da Maraɗi suka shirya baje kolin zane a ɗakin taron wata makaranta, nan Jibiya kusa da boda, sai na ga ai ni ne ya dace in yi wa yayata jagora.

Yayar tawa ta ba su aron ƙwaryar mahaifiyarmu, wata babba mai zanen ƙuna tun daga gindi har baki. Ba kallo ya fito da ita ba. Ta ji surukan ɗiyarta na Daddara za su zo, kuma an rubuta sunan gidanmu a jikin ƙwaryar.

Muka fara da allunan bayan manyan motoci, masu zakuna da jiragen sama. Wani direba yana ta rantsuwa zakin nan na motar maigidansa ne, ya san shi ta karkataccen ido. A tsakar gida wani dattijo yana koya wa mutane zana ƙwarya da wuƙa mai zafi. Ni ina ta bayani, Yaya ba ta ko waiwayo.

Can ta tsaya cak. Ga ƙwaryar Inna a kan tebur, bisa farin ƙyalle, a kife.

"Auta, mi nika gani haka?" Ina da furfura da jikoki, amma a bakinta har yau Auta nake.

Na ce, "Yaya, zanen ne a gindi. A Faris ma haka suke yi."

"A Faris uwar wa ta kife ƙwarya gaban baƙi? So kake mutanen Daddara su koma su ce gidanmu ko gasara babu?"

Ta miƙa hannu. Yarinyar da ke kula da ɗakin, 'yar Maraɗi ce, ta taho da sauri.

"Hajiya, don Allah, ba a taɓawa."

"Ɗiyata, tun ba a haifi babanki ba nike dama fura cikinta. Yau ita ce ba a taɓawa?"

Na juya Faransanci don in lallashi yarinyar a asirce. Yaya ta ce, "Yi da Hausa, mai yawon duniya, mu ma mu ƙaru." Direbobi suka fashe da dariya.

Yarinyar ta ce in an buɗe ƙwaryar zanen ya ɓuya, kuma don zanen aka aro ta. Yaya ta ce to a ba ta kayanta ta tafi. Da gaske take, har ta fara warware mayafi za ta naɗe ta.

Yarinyar ta dubi direban mai zaki. Sai ta ce, "Malam, motarka na kusa? Ara mana madubin gefe."

Aka kwanto madubi, aka shimfiɗa a tebur, aka ɗora ƙwaryar a kan kofin shayi, baki sama. Zanen ya fito a ƙasa tas. Yaya ta aika gida aka kawo fura da nono, ta dama a ƙwaryar da hannunta, ta rufe da faifai, ta jawo kujera ta zauna gefe.

Bayan la'asar surukai suka iso. Uwar mijin ta ɗaga faifai ta leƙa, ta ce, "Masha Allah, gidan albarka." Yaya ta miƙa mata ludayi ba tare da ta dubi kowa ba. Daga baya yarinyar da ke kula da ɗakin ita ma ta karɓi nata ta ce sukari ya ɗan yi kaɗan.